Yadda za ka tsare haɗin abincin mage ko kare da ka ƙirƙiro, kada a kwafe maka shi a Kano

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, ledar abincin mage ta Whiskas da buhun abincin kare na Pedigree suka koma kayan sai wane da wane. Mage kuwa ba ruwanta da canji, gari na wayewa za ta zo ta tsaya maka a ƙafa. Wannan ya buɗe wa mutane da dama sana'a a garin nan. Wata tana haɗa busasshen abincin mage da kifi da hanta a bayan gidanta, wani yana yi wa karnukan gadi na gidajen Bompai da Nasarawa nasu, wani kuma tsabar aku da tantabara ce tasa. Da zarar kayan mutum ya fara karɓuwa sai tsoro ya shigo, ya soma tambayar inda ake yi wa haɗi rajista don kada wani ya yi irinsa.

Gara ka ji tun yanzu, kafin wani ɗan kamasho ya karɓe maka kuɗi: babu ofishin da za ka kai takarda mai ɗauke da "kifi kwano kaza, masara kwano kaza" a buga mata hatimi a ce daga yau an haramta wa kowa wannan haɗi. Abu biyu ne kake iya riƙewa da ƙarfi. Na ɗaya sirrin sana'ar, kuma halinka da takardunka ne ke tsare shi. Na biyu sunan kayan, shi ne ake yi wa rajista. Haƙƙin mallakar rubutu da zane, da takardar mallakar ƙirƙira, suna da nasu gurbin, amma ƙarami ne. Ka bi matakan a jere, domin sirri in ya fita sau ɗaya ba alƙalin da zai iya mayar da shi.

Mataki na farko: ware abin da yake sirri na gaskiya

Ba duk abin da ke cikin tukunyarka ne sirri ba. Wanda ya sayi leda ɗaya da kuɗinsa yana da damar ya farke ta, ya sansana, ya jiƙa, ya kai ɗakin gwaji a faɗa masa yawan furotin da maiƙo da danshin da ke ciki. Doka ba ta kiran wannan sata. Haka wanda ya zauna ya yi nasa gwaje-gwajen har ya faɗo kan irin haɗinka, ba ka da ƙara a kansa. Sannan akwai abin da yake sanin kowa ne a fagen: cewa mage tana buƙatar sinadarin taurin, wanda rashinsa ke makantar da ita ya kuma lalata mata zuciya, ko cewa albasa da tafarnuwa guba ne ga mage da kare. Ba za ka ce wannan naka ne ba.

Naka shi ne abin da gwaji ba ya nunawa cikin sauƙi. Awon kowane abu. Wanda ake fara zubawa da wanda ake bari sai ƙarshe. Zafin wuta da tsawon gashi. Dabarar da kake busarwa har danshi ya sauka zuwa wajen kashi 10 cikin ɗari ba tare da ƙwayar ta marmashe a cikin leda ba. Man da kake fesawa bayan an sauke, wanda shi ke sa mage ta lashe kwano tas. Wurin wanda kake samun kifin da ba yashi, da yadda kake tsince masara da gyaɗa mai fumfuna. Har lissafin kuɗin da kowace leda ke ci maka da jerin lambobin kwastomominka, duk suna cikin wannan sahu.

Najeriya ba ta da wata doka guda da aka keɓe wa sirrin sana'a. Kotuna suna tsare shi ne ta hanyar yarjejeniyar da mutane suka ƙulla, da kuma ƙa'idar cin amanar sirri da aka gada daga shari'ar Ingila. Ma'aunin da duniya ke bi yana cikin sashe na 39 na yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta tun 1995, kuma sharaɗi uku ne: abin ya kasance ba sananne ba, ya kasance ɓoyuwar tasa ce ta ba shi daraja a kasuwa, sannan mai shi ya ɗauki matakan da suka dace wajen ɓoye shi. A sharaɗi na uku mutanenmu suke faɗuwa. Alƙali zai tambaye ka me ka yi don tsare abin, kuma "na yarda da shi ne, ɗan unguwarmu ne" ba amsa ba ce.

Mataki na biyu: rubuta, ka sa kwanan wata

Sayi littafi mai kauri, wanda aka ɗinke shafukansa, ba mai waya da ake cire takarda a mayar ba. Ka bi shafukan ka sa musu lamba. Kowane gwaji ka rubuta shi da biro a ranar da ka yi shi, har waɗanda suka lalace. Misali shafi guda zai iya cewa: ranar kaza, gwaji na kaza, an ƙara hanta an rage dawa, an gasa minti kaza, ƙwayar ta yi tauri da yawa, maguna biyu sun ci, ɗaya ta ƙi. Sai sa hannu a ƙasa. Waɗannan shafuka na gwajin da bai yi kyau ba su ne shaidarka mafi ƙarfi, domin wanda ya kwafa yana da haɗin ƙarshe ne kawai, ba shi da tarihin yadda aka kai gare shi.

Haɗin da ya tsaya, rubuta shi daban, ka sa a ambulan ka liƙe, ka sa hannu a kan bakin liƙin, ka kai wa lauyanka ajiya ya ba ka takardar shaidar karɓa mai kwanan wata. In kana so ka ƙara da takardar rantsuwa a kotu, babu laifi, amma kada haɗin ya shiga cikinta. Rantsuwar ta tsaya a kan cewa akwai ambulan mai alama kaza a hannun lauya wane, domin ofishin rantsuwa yana ajiye kwafi, kuma ba ka san hannu nawa zai bi ta kansa ba. Don wannan dalilin dai, kada ka kai haɗin shagon buga takardu. Kwamfutar shagon tana riƙe abin da aka buga, yaron shagon kuma yana karantawa.

Mataki na uku: toshe wuraren da yake zuba

Ba a cika satar haɗi da fasa ƙofa ba. Yana fita ne ta hanyoyin da mai shi ya saba da su har ya daina ganinsu.

Ɗauki wajen niƙa. A ce Hajiya ta auna komai a gida, ta zuba a buhu ɗaya, ta ba yaro ya kai inji. Mai injin yana juyewa yana kallo, mako bayan mako. Rannan sai ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya yau kifin ya fi na rannan, ta rage waken suyar ne?" Yaron ya yi dariya ya ce e, ai ta ce magunan sun fi son haka. Ba wanda ya yi niyyar cuta a nan, amma mutum biyu da ba su sa hannu a kan komai ba sun riga sun san awon, ga kuma layin masu jiran niƙa suna ji. Maganinsa shi ne a niƙa kowane abu shi kaɗai, cikin yawan da bai yi daidai da awon haɗi ba, in da hali a injina daban-daban. Haɗawa sai a gida.

Sai ka ware zuciyar haɗin, wato ƙananan abubuwan da suka bambanta kayanka da na kowa: sinadaran ƙarin lafiya, garin da ke ba da ƙamshi, man feshi. Wannan kai da kanka za ka auna shi, a ɗakin da ake kullewa, ka ƙulla a leda ka rubuta "Lamba 1" ko "Lamba 2". Ma'aikaci ya san dai a kowane buhu ana zuba Lamba 1 guda, bai san me ke ciki ba. Mai gashi ya san wutarsa, mai ɗauri ya san sikelinsa, ba wanda ya san duka. Cire takardun jikin gwangwanaye da jarkoki kafin su shiga wurin aiki, ka kuma lura da abin da kake zubarwa a bola. Manyan kamfanoni ma abin da suke yi ke nan. Coca-Cola tun 1886 take sayar da lemonta, kuma da sirri ta riƙe haɗin, ba da takardar mallakar ƙirƙira ba. KFC ma haka take yi da kayan ƙamshinta 11.

Wajen sayayya, kada dillali ɗaya ya zama shi ke kawo maka komai. Wanda ke haɗo maka masara da waken suya daga Dawanau, in shi ne kuma ke kawo kifi da garin ƙashi, to takardar odarka ita ce haɗinka, lissafi kaɗan ya rage masa.

Sannan waya. Ka hana ɗaukar hoto a wurin haɗi, dokar kuma ta fara daga kanka. Bidiyon TikTok da ake nuna "yadda muke haɗa kayanmu" yana jawo kwastoma, gaskiya ne, amma ka nuna wanki da tsafta da ɗauri da mage tana ci, ka bar sikeli a waje. Abin da ka ɗora a sitatus da hannunka ya tashi daga sirri, kuma lauyan abokin shari'arka zai zo kotu da hotonsa. Haka in ka kafa rumfa a bajekolin da ake yi a titin Gidan Zu, za a zo maka da tambayoyi masu daɗi, ana yabonka ana tatsarka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mataki na huɗu: a sa hannu

Nan ne abin yake yi wa Bakano nauyi. Ta yaya zan miƙa wa ɗan yayata takarda in ce ya sa hannu, sai ka ce ban yarda da shi ba? To ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da alamar kaya da ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu darajar dukiya, bai halatta a yi musu ta'adi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da abin dokar gida: kowa yana sa hannu ranar da ya fara aiki, ɗan uwa da bare. In kowa ya yi, ba wanda zai ce shi aka tsana.

Lauya ne zai tsara maka takardar, amma ka san abin da za ka ce ya saka. Ta fayyace abin da ake kira sirri, ba tare da ta rubuta haɗin kansa ba. Ta ce ba za a faɗa wa kowa ba, ba kuma za a yi amfani da shi don kai ko don wani ba, ana cikin aiki da bayan an bari. Ta ce duk gyara ko ƙarin da ma'aikaci ya gano a bakin aiki na mai sana'a ne. Ta ce ranar rabuwa za a dawo da littafi da mukulli, a goge abin da ke waya. Ta kuma faɗi inda za a je in an saɓa.

Wanda ba ya karanta Turanci, a karanta masa a fassara masa da Hausa a gaban shaida, a rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan, da sunan wanda ya fassara. In ba a yi ba, gobe zai ce dangwala kawai aka sa shi ya yi, kuma kotu tana sauraron irin wannan magana. Ka sa lauya ya biya kuɗin hatimin haraji a kan takardar, don kada a tsaya jayayya a kanta ranar da ake buƙatarta.

Kada ka yi zari. Wasu suna so a rubuta cewa yaro ba zai taɓa yin sana'ar abincin dabbobi ba har ya mutu, ko'ina a Najeriya. Kotu ba ta tabbatar da sharaɗin da ya toshe wa mutum hanyar abinci sai in ya yi daidai da hankali wajen tsawon lokaci da faɗin wuri. Kuma tana bambanta sirrinka da ƙwarewar da mutum ya samu a hannunsa. Yaron da ya iya gashi a wurinka zai tafi da iyawarsa, ba yadda za ka yi. Abin da ba zai tafi da shi ba shi ne awonka. Ɗan lokaci ƙayyadadde a cikin birnin Kano ya fi sharaɗin har abada da za a yi watsi da shi.

Akwai mutum uku da aka fi mantawa da su. Na farko likitan dabbobi ko malamin jami'ar da ya daidaita maka sinadaran. Kafin ya fara, ku rubuta cewa abin da ya fito naka ne, an biya shi ladansa, ba zai ba wani ba. In ba haka ba, haɗin da ka biya kuɗi a kansa zai iya zama darasi a aji ko babi a kundin ɗalibi. Na biyu abokin tarayya mai kuɗi. "Alhaji, kafin in buɗe littafin nan, ga 'yar takarda Barista ya ce mu sa wa hannu" magana ce mai nauyi a baki, amma kafin a buɗe littafin ake yin ta. Ku kuma rubuta wa zai tafi da haɗin da sunan in tarayya ta watse. Na uku masana'antar da za ta riƙa yi maka kaya da yawa, a Sharaɗa ko Challawa. Ita ce ta fi kowa haɗari, don tana da inji da jari da hanyar kasuwa. Ka ba ta Lamba 1 a ƙulle, ka kuma sa a takarda cewa ba za ta gwada shi don gano abin da ke ciki ba, ba za ta yi wa kanta ko wani irinsa ba.

Mataki na biyar: yi wa sunan rajista, da wuri

A ganina wannan ne kuɗin da ya fi kowane cancantar kashewa. Wata rana wani zai yi abinci mai kama da naka, ko ta halal ko ta haram. Abin da zai sa mai mage ta ce ita dai naka take so shi ne sunan da ke jikin leda.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce wannan ba, kuma mutane da yawa suna ruɗewa a nan. CAC sunan kasuwancinka ko kamfaninka ta yi wa rajista. Sunan kaya da tambarinsa kuwa a ofishin rajistar alamun kasuwanci ake yi, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar alamun kasuwanci ta 1965. Ba sai ka je da ƙafarka ba, lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi zai shigar maka ta intanet.

Fara da zaɓen suna. Dokar ba ta son sunan da kawai yake bayyana kayan ko ingancinsa, ko sunan gari. "Abincin Magen Kano" ko "Mai Kyau" zai sha wuya, kuma ko ya wuce ba zai hana kowa komai ba. Ƙirƙirarriyar kalma, ko kalmar da ba ta da alaƙa da abinci, ta fi ƙarfi. Kada kuma ka je kana raɓar sunan Whiskas ko Purina da launin ledarsu, don sai ka koma kai ne ake nema.

Daga nan a yi bincike a ofishin a ga ko wani ya riga ka. Kada ka buga leda dubbai kafin sakamakon ya fito. Sai a shigar da buƙata a aji na 31, nan abincin dabbobi yake. In kana yin sinadaran ƙarin lafiya ko wani abu mai magani a ciki, wannan aji na 5 ne, kuma kowane aji da buƙatarsa da kuɗinsa. Za a ba ka takardar shaidar an karɓa, bayan an duba a ba ka ta amincewa, sannan a buga alamar a mujallar ofishin. Daga ranar bugawa, mai ƙorafi yana da wata biyu ya kawo. In ba a samu ba sai satifiket. Abin yana ɗaukar lokaci, yakan haura shekara, amma ranar da ka shigar ita ce abin lissafi, shi ya sa jinkiri ba shi da amfani. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Alamar da aka bar ta shekara 5 ba a amfani da ita ana iya neman a soke ta. Harafin R da ke cikin da'ira kuwa, kada ka buga shi a leda sai satifiket ya zo hannu, yin hakan kafin nan laifi ne.

Ka duba da kyau da sunan wa aka shigar. Naka ko na kamfaninka, ba na wakili ba, ba na dilan da ke rarraba maka kaya ba.

Ledar kanta, da hukumar NAFDAC

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta kare dabara ko tsarin yin abu, saboda haka haɗi ba ya ƙarƙashinta. Tana kare zanen ledarka da hotuna da rubutun talla, kuma ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista don shaida. Tarkon da ke nan shi ne, a asali zanen na wanda ya zana ne. Biyan kuɗin aiki kaɗai bai isa ba, sai ya rubuta cewa ya sallama maka haƙƙin, ya kuma ba ka asalin fayil ɗin. In siffar ƙwayar abincin ko mazubinsa sabuwa ce ta musamman, ana yi mata rajistar fasali ta shekara 5, a sabunta sau biyu, amma kafin ta shiga kasuwa.

Abincin dabbobi da aka ɗaure don sayarwa yana ƙarƙashin NAFDAC, kuma cikin takardun da take nema akwai shaidar alamar kasuwanci, wani dalilin ke nan na fara wancan da wuri. Za ta nemi sanin abin da ke ciki, ta ga wurin aiki, ta gwada samfur. Ka faɗa mata gaskiya a kan abin da ta tambaya, ba a wasa da wannan. A jikin leda ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, wannan ba awo ba ne. Wanda zai bi maka takardun, shi ma ya sa hannu kafin ya ga fayil. Ka kuma sani lambar NAFDAC izinin sayarwa ce, ba ta ba ka mallakar haɗi.

Takardar mallakar ƙirƙira fa?

Ga yawancin masu wannan sana'a, shawarata a bar ta. Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 tana ba da kariyar shekara 20 daga ranar shigarwa, da biyan kuɗi duk shekara, ga abin da yake sabo, wanda ya fito daga ƙirƙira ta gaske, kuma ake iya yin sa a masana'anta. Sauya awon kifi da masara da wuya ya cika wannan, don duk masanin abincin dabbobi zai iya kaiwa gare shi. Sannan farashinta shi ne tona asiri: dole ka bayyana komai dalla-dalla yadda wani masani zai iya yi, kowa ya karanta, bayan shekara 20 kuma ya zama na kowa. Wani abin da ba a faɗa wa mutane shi ne, ofishin Najeriya takardu yake dubawa ko sun cika, ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma dokar da kanta ta ce ana bayar da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Kana iya riƙe satifiket mai kyan gani, ranar shari'a a rushe shi, ga sirri ya riga ya fita.

Inda take da amfani shi ne in ka gano wata sabuwar hanya ta gaske, kamar dabarar adana jiƙaƙƙen abinci a zafin Kano ba firji, ko wani inji da ka ƙera, musamman abin da za a gane da an gan shi. A nan sai ka shigar kafin ka sayar ko ka nuna wa duniya, domin bayyanawa tana kashe sabunta. Hukumar NOTAP mai kula da bunƙasa fasaha tana taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigarwa.

In kayan ya fara tsallaka iyaka

Kayan Kano ba ya tsayawa a Kano, kafin ka ankara yana Maraɗi ko Damagaram. Rajistar Najeriya kuwa a iyaka take tsayawa. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar alamun kasuwanci da ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Da ka ga 'yan Nijar sun fara saye da katan, nemi wakili ya shigar maka, kafin dilanka na can ya shigar da sunansa.

Ranar da aka kwafa

Kada ka fara da Facebook. Kiran mutum ɓarawo a bainar jama'a ba tare da hujja ba zai iya juyewa ya zama kai ake ƙara. Sayi kayan jabun, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton shagon, ka ajiye ledar a rufe. Ka tattara saƙonnin kwastomomin da suka saya suna zaton naka ne. Sai lauya ya rubuta wasiƙar gargaɗi. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa, ko a gaban shugabannin kasuwa, ko a sashen sulhu na Babbar Kotun Jiha, kuma sulhu yana da wata fa'ida: ba a karanta haɗinka a zauren da kowa ke zaune.

In abin ya ƙi, shari'ar alamar kasuwanci da haƙƙin mallaka da ƙirƙira ta Babbar Kotun Tarayya ce, bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, kuma tana da reshe a Kano. Rigima da ma'aikaci kan sharaɗin aikinsa ta Kotun Ma'aikata ce. Abin da lauya zai fara nema shi ne umarnin dakatarwa, kuma wanda ya yi wata da watanni yana kallo kafin ya zo, da wuya a yarda cewa abin na gaggawa ne. Wanda bai yi rajista ba yana da ƙarar sojan gona, wato cewa wani yana sayar da kayansa kamar nasa ne, amma sai ya tabbatar da cewa kasuwa ta san sunan da shi, aiki ne mai tsawo da tsada. In kuwa har lambar NAFDAC ɗinka aka buga a jabun, kai wa hukumar rahoto kai tsaye. Saɓa yarjejeniya dai ba aikin 'yan sanda ba ne, kai mutum caji ofis a kansa yakan jawo wa mai ƙara biyan diyya.

Abu na ƙarshe da za ka gyara shi ne gado. Haɗin da ke kan mutum ɗaya yana bin sa kabari, alamar da ba wanda ya san ranar sabunta ta kuma tana faɗuwa. Ka faɗa wa lauya a rubuce wanda za a miƙa wa ambulan in ta Allah ta kasance. In magada suna da yawa, ya fi sauƙi alamar da haɗin su zama mallakar kamfani, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya kafa, sai a raba hannun jari bisa rabon gado, littafin kuma ya zauna a hannun wanda zai ci gaba da aikin.